Dogon Ido Saboda Gwaggo

A bangon ɗakina, a Zongon Paraku, akwai hoton bikin aurena. Ina zaune a tsakiya an lulluɓe ni, mata sun kewaye ni, kowacce ta ɗaure fuska yadda ake yi a da in an ga mai hoto. In ka kai idonka gefen dama, daidai inda takardar ta ƙare, za ka ga hannu ya miƙo wajen kafaɗata. Hannu kawai, daga tsintsiya zuwa yatsu. Hannun Inna ne, mahaifiyata, kuma ban da shi ba ta da wani hoto a duniya.

Inna 'yar ƙauye ce daga wajen Partago, 'yar ƙabilar Yom ce ta haihuwa, ta musulunta tun kafin Baba ya aure ta. Akwai tsaga a kumatunta, Hausarta kuma har ta koma ga Allah ba ta miƙe ba. Baba ƙaramin mai goro ne a kasuwar Jugu, ya rasu ina ƙarama. Da man kaɗe da daddawa ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, ta kuma tura ni kolej a Paraku, a lokacin da ko manyan gidaje ba su cika kai 'ya'yansu mata ba. A can na haɗu da wanda ya zama mijina, yana koyon ɗaukar hoto a shagon wani tsoho kusa da Gar, tashar jirgin ƙasa.

Shi ɗan babban gida ne a Jugu, irin gidajen da ke lissafa kakanninsu tun daga fataken goro masu zuwa Gwanja. Wadda ke riƙe da cikin gidan ita ce Gwaggo, yayar mahaifinsa. Doguwa ce, ba ta ɗaga murya, da hannu take ba da umarni. Ba ta hana aurenmu ba. Sai dai tun ranar da aka kai gaisuwa ta sa mini suna 'yar lakwal. Inna kuwa ba ta taɓa kiranta da komai ba. In ya zama dole ta ambace ta, sai ta ce mutanen Partago.

An yi bikin 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ƙasar tana amsa sunan Dahome. Tsohon da ke koya wa ango sana'a ya zo Jugu da akwatin hotonsa, baƙi, mai ido biyu ɗaya bisa ɗaya, wanda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. Saboda tsufansa aka bar shi ya shiga wajen mata. Yadda ake yi a lokacin, sai a shimfiɗa tabarma: wanda ke kanta ya shiga hoto, wanda ya sauka bai shiga ba. In mutane sun yi yawa, a ƙara tabarma, mai hoto ya ja baya. Kowa ya san wannan, har yara.

Gwaggo ce ta jera mutane. Inna ta taho a hankali ta tsaya a bayana, da sabon zanen da ta daɗe tana ajiya don wannan rana. Gwaggo ko kallonta ba ta yi ba. Ta ɗaga hannu ta kaɗa bayansa, kamar mai korar kaji daga shanyar hatsi, ta ce a matsa, tabarmar ba ta isa ba, na dangi ne tukuna. Inna ta yi murmushi ta sauka. Mayafina ya zame daga kafaɗa, ta miƙo hannu za ta gyara mini, tsohon ya danna. Tukunan da Gwaggo ta ce kuwa ba ta zo ba. Aka kira azahar, ya rufe akwatinsa ya fita. Da an ce masa ya ɗan ja baya, da ta shiga, amma ba wanda ya ce. Ni amarya ce, amarya ba ta magana. Ta ƙarƙashin lulluɓi na ga komai.

Damina ta zagayo, zazzaɓi ya ɗauke Inna kafin in haifi ɗan fari.

Tana da ƙanwa, muna ce mata Iya, wadda kamarsu ta ɓaci: goshi ɗaya, tsaga ɗaya, har yadda suke karkata kai in suna sauraron magana. Iya tana wurin ranar, ta ga abin da aka yi wa yayarta, ta kuwa rantse ba za ta taɓa hawa tabarmar hoto ba. Na roƙe ta ya fi a ƙirga, ko don yarana su san irin fuskar kakarsu in ita ma ba ta nan. Da ta hango ni da akwati a wuya sai ta juya baya ta shige ɗaki.

Domin ni ma na zama mai hoto, ta cikin gida. Da tsohon ya gaji, ya bar wa mijina shagon da akwatin. Gidajen Zongo da yawa ba sa barin namiji ya shiga wajen mata, sai Malam, haka nake kiransa, ya koya mini. Ban ɗauke ta sana'a ba, ni dai matar gida ce, girki da yara. Amma in ana suna ko biki, shi ya ɗauki maza a zaure, ya miƙo mini akwatin in shiga. Ina son akwatin nan. Da yake ta sama ake leƙawa, dole ka sunkuyar da kai a gaban wanda kake ɗauka, sai tsofaffi su riƙa cewa yarinyar nan akwai ladabi. Sau da yawa na ɗauki Gwaggo haka, kaina a sunkuye, ita a tsakiyar tabarma, kuma kowane hotonta ya fito fes. Da wannan akwati ba yadda zan yi in rama: inda ya fuskanta kowa na gani, iyakar tabarma kowa ya sani. Na ci gaba da gaishe ta kowace Sallah, in durƙusa, in ajiye mata turare. In na dawo gida in tsaya gaban bango in kalli hannun nan.

Wata damina mai yawan ruwa, wajen lokacin da aka sauya wa ƙasar suna, fumfuna ta shiga idon akwatin. Hotuna suka fara fitowa kamar an ɗauke su ta cikin hayaƙin murhu. Idon a manne yake da jikinsa, ba a cirewa. Malam ya yi ta fama, daga ƙarshe ya haƙura, ya sa wani abokinsa mai aiki a jirgin ƙasa ya sayo masa sabuwar kyamara daga Kwatano. Wannan daban take. Ƙarama ce, a ido ake ɗora ta a kalli mutum kai tsaye. Ranar da na fara ɗaga ta ga wata dattijuwar maƙwabciyarmu sai da kunya ta kama ni. Idonta kuma murɗe shi ake yi a cire, a sa wani. Malam da Faransanci yake kiransa, objektif. Ni ido nake cewa.

Ta zo da ido ɗaya matsakaici, mai ganin abu kusan yadda mutum ke gani. Abokin ya kuma karɓo wasu biyu daga mai kantin, a gwada a riƙe ɗaya, ya mayar da ɗayan in jirginsa zai koma. Ɗaya gajere ne kamar gwangwanin tumatir, ɗayan dogo, da nauyi a hannu. Kowannensu ganinsa ɗaya ne, ba ya buɗewa ba ya tsukewa. In kana son ƙari ko ragi, ƙafarka ce za ta yi tafiya. Malam ya ce tunda ni ce mai shiga lungu da ɗakuna, ni zan zaɓa. Yana faɗa yana turo mini gajeren, don a ganinsa babu wata shawara a ciki.

A cikin kwanakin nan saƙo ya zo daga Jugu. Gwaggo tana hanyar dawowa daga Makka, za a yi mata taron barka da sauka irin wanda gidan bai taɓa yi ba, baƙi daga Kandi da Gaya da Sokode. Tana son babban hoto, ita a tsakiya, duk matan a kewaye da ita, wanda za a sa a gilashi a rataya. An kuma aika Partago a kawo doya da matan da za su daka sakwara. Na san Iya za ta zo, don surukuta ba za ta bar ta ta ƙi ba.

Bayan la'asar na ɗauki idanun biyu na fita tsakar gida. Na sa gajeren na leƙa, sai ga gidanmu duka ya shigo: rijiya, igiyar shanya, akuyar maƙwabta a kan katanga, har hayaƙin jirgi can sama. Na matsa kusa da Malam yana shan shayi. Hancinsa ya kumbura ya zama kamar kan doya, kunnuwansa suka gudu baya. Na yi dariya har na zauna a bakin turmi. Sai dariyar ta tsaya, don na ga Gwaggo a wurinsa, da hancin nan nata da take taƙama da shi, ya kumbura, a cikin gilashi, a bango, kowane baƙo ya shigo ya gani.

Na kwana biyu ina juya abin. Na san haƙuri ya fi, na sha ji a wa'azi. Amma a wa'azin dai na ji cewa wanda aka zalunta, in ya rama daidai abin da aka yi masa bai ƙara ba, ba shi da laifi. Daidai ɗin nan shi na riƙe. Gwaggo ba ta muzanta fuskar Inna ba, cire ta ta yi. In na kumbura mata hanci na ƙara, ranar hisabi ni za a tambaya kan ƙarin. Ban da haka, gajeren ido ba ya barin kowa a waje, har wanda ba ka so sai ya jawo shi ciki. Ido ne na mai yafiya. Na mayar da shi gidansa.

Na sa dogon, na tsaya a bakin rijiya na leƙa ƙofar gida. Autata tana can tana wasa da ƙasa, sai ga fuskarta ta cika mini ido, har ina ganin gashin idonta, ita kuwa ba ta san ana kallonta ba. Abin da ke gefenta duk ya fita, abin da ke bayanta ya narke. Na ja baya har bango, har yanzu fuska ce kawai da kafaɗa. Na karkata hannuna kaɗan, sai ta ɓace, kaza ta maye gurbinta. Wato wanda ke tsaye a gabana ba zai taɓa sanin wa na ɗauka, wa na bari ba. Gabana ya faɗi, irin faɗuwar da yake yi in ka ga abin da ka daɗe kana nema. Ido ɗaya zai kamo mini Iya daga nesa, ya kuma yanke mini Gwaggo.

Malam bai ji daɗi ba. Ya ce, to, a wane ɗakin Zongo zan sami filin ja da baya da wannan bututu? Na ce masa mata ba ɗaki suke so a ɗauka ba, fuska suke so, da kwalli da 'yan kunne. Na ce matsakaicin ya isa taro. Na ce hoton katin shaida ma zai fi kyau da dogon. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ya dube ni ya daɗe.

"Ke dai in kin yi shiru kwana biyu, akwai abin da kike dafawa," in ji shi.

Na ce masa tuwo ne. Ya yi dariya, ya nannaɗe gajeren ya kai Gar.

Ranar taron, gidan Jugu ya cika har waje. Malam ya ɗauki maza a zaure da hantsi, ya sa sabon fim, ya miƙo mini kyamarar da matsakaicin ido a kanta, ya ce in kula, wannan rana ba ta maimaituwa. Na ce na sani. Na shiga ɗakin da muka sauka, na kwance dogon daga cikin tsohon zanen goyo inda na naɗe shi, na murɗe wancan na sa wannan. Na yi bisimilla, yadda nake yi kafin kowane aiki.

Maimakon tabarma, an shimfiɗa babbar darduma da aka zo da ita daga Makka. Gwaggo, wadda yanzu kowa ke ce wa Hajiya, tana zaune a kujera cikin fararen kaya, zobba a yatsu, tana wani murmushi da ba ta saba ba don haƙorin zinariya ya fito. A gabanta dabino ne da zamzam a ƙananan kofuna. Na durƙusa na yi mata barka da sauka, ta sa mini dabino a tafi ta sa mini albarka, na amsa da amin, kuma da zuciya ɗaya na amsa. Can baya wajen murhu matan Partago suna daka, Iya a cikinsu.

Hajiya ta kalli abin da ke wuyana. "'Yar lakwal, wannan mai dogon baki fa? Ina akwatin da muka sani?"

"Ya tsufa, Hajiya. Wannan daga Kwatano aka kawo."

"To ki ja baya. Ki ja sosai, har bango. So nake kowa ya shiga, kada wata ta koma garinsu ta ce an bar ta."

Na ce to. Ita ce ta ce in ja baya, a gaban shaidu, na kuwa ja har bayana ya taɓa rumbu. A saninta, iyakar nisan mai hoto iyakar yawan waɗanda zai ɗauka. Shekara da shekaru haka abin yake, kuma ban ga dalilin gyara mata ba.

Ta jera matan da hannu, dogaye a baya, masu zinariya kusa da ita. Na fara daga can ƙarshen hagu, da wata tsohuwa 'yar Gaya mai lalle har gwiwar hannu. Na daidaita fuskarta na danna. Na koma kan ta kusa da ita, wata matar ɗan kasuwa daga Kandi mai wushirya. Duk lokacin da Hajiya ta ji ƙarar kyamara sai ta gyara zama ta fito da haƙori, ta ce a ƙara, ko da wata ta rufe ido. Na yi ta ƙarawa, fuska bayan fuska. Matan da suka ga abin ya daɗe suka saki jiki, wata ta yi raɗa, wata ta yi dariya, na kama su a haka.

Da na zo tsakiya, fuskar Hajiya ta cika mini ido. Ban taɓa ganinta kusa haka ba. Na ga gumi a saman leɓenta, na ga kwalli ya zubo a gefen ido, na ga fatar wuyanta ta saki. Ashe ta tsufa. Ashe tafiyar ta gajiyar da ita, daurewa kawai take yi. Yatsana yana kan maɓalli, saura kaɗan in danna in bar komai ga Allah. Na sauke kyamarar na yi kamar ina goge ta da haɓar mayafi. Da na sake ɗagawa, na tsallake ta zuwa ta gaba. Ban danna ba, amma ban kuma san ko zan iya kai wa ƙarshe ba.

Niyyata ita ce in kamo Iya a bakin turmi ta tsakanin kafaɗun mutane, da ɗan gefen mayafin Hajiya a ciki. Sai hayaƙi da kawuna suka tare ta. Fim ya kusa ƙarewa, ina jin haka a hannuna. Ana nan sai dabino ya sarƙe wata baƙuwa da ke tsaye bayan kujera, ta hau tari, aka ce a kawo ruwa. Iya ce mafi kusa da randa. Ta taho da ƙwarya ta bayan darduma, ba ta taka ta ba, ta miƙa ruwan daga gefe, dab da kafaɗar Hajiya.

Hajiya ba ta juya ba. Ta ɗaga hannu ta kaɗa bayansa.

A cikin dogon ido na ga Iya ta ɗago ta karkata kai, ta fara wannan murmushin na mai shirin matsawa. Inna ce, tsaf, ranar bikina. A gefen hagu, daidai inda ganin ya ƙare, ga hannu da zobba, daga tsintsiya zuwa yatsu. Na danna.

Hajiya ta tambaya ko an gama, ko kowa ya shiga. Na ce duk wadda Allah ya nufa ta shiga. Ta ce madalla, ta sa aka ƙara mini dabino.

Da muka koma Paraku, Malam ya shiga ɗakin duhu da safe, ni ina tsince shinkafa a tsakar gida. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Da ya fito ya rataya hotunan a igiya suna ɗiga, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya sake bi. Sannan ya kira ni ya tambaya ina Gwaggo. Na nuna masa da yatsa. Ya kalli hannun, ya kalli fuskar Iya, ya shige ɗakina ya tsaya gaban hoton bikinmu, wanda ya yi shekaru yana wucewa ta gabansa bai taɓa cewa komai ba. Ya fito ransa a ɓace.

"Matar nan ita ta goya ni," ya ce.

"Ni ma an goya ni, Malam."

Can ya ce shi dai ba zai kai su Jugu ba, wadda ta dafa ita za ta kai. Amma kafin ya rufe shago ya koma ɗakin duhu, ya fito da na Iya babba, har biyu, ban roƙe shi ba.

Na hau mota a Gar, na sauka a hanya na fara biyawa Partago, don ba zan nuna wa kowa fuskar Iya ba sai da saninta. Ranar kasuwa ce, na same ta a gindin bishiya da ƙwaryar daddawa. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta kalla ta kalla, sai ta koma yarensu na Yom, ta ce Yaya ce, ina na samo ta? Sai da ta gane ɗankwalinta sannan ta fahimta. Ta kama kunnena ta murɗa kamar ina ƙaramar yarinya, ta ce mini ɓarauniya. Na ce mata rantsuwarta tana nan, ba ta hau tabarmar kowa ba. Ta sake dubawa, idonta ya kai gefe.

"Wannan kuma na san shi," ta ce.

Ta yi dariya har tana share ido da haɓar zane, ban san nawa ne na dariya nawa ne na kuka ba. Na tambaye ta ko in nuna wa mai hannun. Ta ce in nuna, in kuma dawo in faɗa mata yadda fuskarta ta yi.

A Jugu wasu baƙin ba su riga sun tafi ba, maƙwabta ma suka shigo da suka ji hotuna sun zo. Na rarraba. Kowacce ta karɓi fuskarta ita kaɗai, fes, ba su taɓa ganin kansu haka ba. Mai wushirya ta ce wannan mijinta ba zai gani ba sai ya yi mata alkawarin sabon zane. Tsohuwar Gaya ta ce ashe da sauranta. Hajiya tana zaune tana murmushi tana jira. A jingine da bango ga babban gilashi da katakonsa, an riga an sayo.

"Ina nawa?" ta ce.

Na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu.

"Wannan ai mai dakan Partago ce."

"Ki duba gefe, Hajiya. Ga zobbanki."

Ta kawo hoton kusa da ido, ta mayar da shi nesa.

"Hannu kika ɗauka mini?"

"Ana gane mutum da hannu, Hajiya. Ni da shi nake gane Inna tun ranar bikina."

Na zaci za ta ce ta manta, har na zo da hoton bikin a jakata don in tuna mata. Ban buƙaci fito da shi ba. Ba ta tambayi wace rana ba, ba ta tambayi wace Inna ba. Ashe duk shekarun nan da nake durƙusawa a gabanta da turare, ta sani. Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Tabarmar ce ba ta isa ba."

"Idon nan ma bai isa ba, Hajiya."

Tsohuwar Gaya ta cusa baki cikin mayafi ta yi tarin da ba na dabino ba. Hajiya ta kife hoton a cinyarta. Ta ɗaga hannu za ta kore ni, sai idonta ya faɗa kan hannun, ta mayar da shi ƙasa. Da baki ta ce in tashi in tafi. Na yi mata sallama yadda ya kamata, na ɗauki hotona da ta ture daga cinyarta, na fita. A hanyar komawa na sake sauka Partago, don na yi alkawari.

Daga baya ta kira wani mai hoto daga cikin gari, ta sake sa fararen kayan, aka sake shimfiɗa dardumar. Amma 'yan Kandi da Gaya da Sokode sun koma, kowacce da fuskarta a jaka. Ita kaɗai ce a kujera, darduma fayau hagu da dama. Shi aka sa a gilashin. Ta aiko wa Malam cewa kada in ƙara shiga gidan da kyamara, na kuwa bi umarninta har ta rasu. Gaisuwar Sallah ban fasa ba, a hankali ta koma amsawa. Da ta kwanta ciwo ni na riƙa dama mata kunun gyaɗa, don nawa take iya sha. Maganar ba ta sake haɗa mu ba. Ina yi mata addu'a tare da sauran mamatanmu, kuma ban taɓa jin ina bukatar in ba ta haƙuri ba.

Dogon idon ya daɗe a gidanmu. Matan Zongo suka riƙa aikowa a ce wa matar mai hoto ta zo da mai dogon baki. Malam kuwa, duk lokacin da ya ga na yi shiru, sai ya tashi ya duba ko idon yana gidansa.

Hoton Iya yana nan a bango, kusa da na bikin. Jikokina in sun zo sukan tsaya su ce wai ina kama da ita ta goshi. Sukan kuma tambayi hannayen. Na dama nakan zaunar da su in ba su labarinsa, da man kaɗe da daddawa da kolej. Na hagu kuwa, mai zobba, nakan ce na wata hajiya ce, in ci gaba da abin da nake yi.